Umarnin ciki da umarnin waje a MS-DOS

MS-DOS babbar manhaja ce mai tafiyar da kwamfuta, ta kamfanin Microsoft, da ta fito a 1981 tare da kwamfutar IBM PC. Asalinta 86-DOS ce, wadda Tim Paterson ya rubuta a 1980. Ba ta da hotunan latsawa, sai dai mutum ya rubuta umarni da haruffa, kwamfuta ta aiwatar. Umarnin nata gida biyu ne: na ciki da na waje.

Na ciki suna ƙunshe a fayil guda, COMMAND.COM, wanda ke hawa ƙwaƙwalwar kwamfuta da zarar an kunna ta. Cikinsu akwai DIR mai jero sunayen fayiloli, da COPY, da DEL, da REN, da TYPE. Na waje kuwa kowanne fayil ne mai zaman kansa a kan faifai, irin su FORMAT mai shirya faifai don ajiya, da CHKDSK da DISKCOPY, sai an ɗauko shi kafin ya yi aiki. Kamar ɗan kasuwar Kantin Kwari ne: atamfar da ake yawan tambaya tana gabansa, sauran kuma sai ya aiki yaro sito.

Rashin wuri ne ya kawo wannan rabo. Faifan IBM PC na farko kilobait 160 kawai yake ɗauka, ƙwaƙwalwar ma ba ta taka kara ta karya ba, don haka abin da ake buƙata kullum shi aka bari a ciki. Ko shi COMMAND.COM ɗin kashi biyu ne, wani zaunanne, wani kuma babbar manhajar aiki na iya ture shi, in ta gama a sake ɗauko shi daga faifai. Dabarar ba sabuwa ba ce, CP/M, wata babbar manhaja ta Gary Kildall, ta riga ta. Sai dai a can kwafar fayil aikin umarnin waje ne mai suna PIP, kuma shigo da COPY ciki da DOS ta yi ba ƙaramin sauƙi ba ne.

In an rubuta umarni, DOS kan fara duba na ciki. In babu, ta nemi fayil mai wannan suna a wurin da mutum ke aiki a kan faifai, mai ƙarewa da COM, sannan EXE, sannan BAT, daga nan ta bi wuraren da aka lissafa mata a PATH, wanda ya zo da DOS 2.0 a 1983. Nan ne ɗalibi kan rikice: ya cire faifan DOS ya sa nasa, DIR ya yi aiki lafiya lau, ya rubuta FORMAT sai allo ya ce "Bad command or file name". Ba kuskuren rubutu ya yi ba, an je sito ne ba a tarar da kaya ba.

Rabon bai mutu da DOS ba. A tagar umarni ta Windows har yau DIR na ciki ne, XCOPY kuwa, mai kwafar fayiloli, da ya fara fitowa a 1986, fayil ne daban.