Kowace mujiya da muryarta: tambayoyi da amsoshi

Mazauna gefen Jos, inda gidaje ke jingine da duwatsu, sun saba jin kukan mujiya bayan isha'i. Wasu sai su yi a'uziyya su ja bargo. Masu binciken tsuntsaye kuwa na'urar naɗar sauti suke ɗaukowa.

Da gaske ana gane mujiya ɗaya daga 'yar'uwarta ta kuka kawai?

Ana ganewa, amma sai an fara tantance jinsi. Farar mujiyar nan da ke kwana a rufin makarantu da tsofaffin gine-gine ƙara take yi mai tsawo, kamar ana yaga ƙyalle. Ƙaramar nan mai ɗigo-ɗigon fari fito take jerawa yana ta hawa, har da rana ma. Wannan kowa zai iya koya. Aikin yana ga bambance maza biyu 'yan jinsi ɗaya.

To me ake dubawa?

Ana naɗar kukan, kwamfuta ta mayar da shi zane: lokaci a kwance, kauri ko sirantar murya a tsaye. Daga nan a auna tsawon kowace gaɓa, da shirun da ke tsakaninsu, da inda murya ta kai ƙololuwa. Wani namijin yakan ja gaɓar farko, wani ya datse ta, kuma gobe ma haka zai yi. Kunne na iya ruɗuwa da nisa ko iska, shi ya sa na fi yarda da awon tazara, don nisa ba ya sauya ta.

An taɓa gwadawa?

A 1991, masu bincike Galeotti da Pavan sun bambance mazan mujiyar dajin Turai ta wannan hanya a Italiya. A 2002 kuma Delport da Kemp da Ferguson suka wallafa aikinsu kan mujiyar dajin Afirka a gandun Kruger na Afirka ta Kudu, inda suka bi tsuntsaye shekara da shekaru da muryarsu. Idan baƙuwar murya ta maye gurbin tsohuwa a wani yanki, alama ce mai wurin ya mutu, ya ƙaura ko an kore shi. A wannan jinsin mace da namiji sukan yi amshi, kuma muryar macen ta fi siranta.

Su kansu suna gane juna?

Ƙwarai. Da aka kunna wa mujiyar dajin Turai muryar maƙwabci da ta baƙo, baƙon ta fi tasar wa.

Ina amfanin wannan wahala?

Kama mujiya a sa mata zobe a ƙafa aiki ne na dare, ga tsoratar da tsuntsuwar. Da murya kuwa ana ƙidaya su ba a taɓa ko gashinsu ba. Kuma Jos ba baƙuwa ba ce a harkar: cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis, ta Jami'ar Jos, tana dajin Amurum kusa da Laminga.

Wayata za ta iya?

Za ta iya in mujiyar na kusa kuma an kashe janareta. Tsaya wuri ɗaya, ka naɗi kuka da yawa a darare daban-daban, ka rubuta wuri da lokaci, sannan ka buɗe su a Audacity, manhaja ce ta kyauta. Kada dai ka riƙa kunna mata kukan wata don ta amsa, musamman lokacin da take kwanci, domin za ta bar ƙwai ta fito neman abokin faɗa.