'Yancin ƙananan hukumomi: ga amsa, don Allah a bar maimaita min tambaya

Wai me kotun ƙolin ta ce ne?

Ran 11 ga Yulin 2024 ta ce kuɗin ƙananan hukumomi 774 a tura musu kai tsaye, ba ta hannun gwamna ba. Ta kuma ce kantoman da gwamna ya naɗa ba shi da hurumi, sai zaɓaɓɓen ciyaman. Ministan shari'a Lateef Fagbemi ne ya maka jihohi 36 a kotu. Shi ke nan.

Nawa ne kasonsu?

Kashi 20.60 cikin ɗari na kuɗin da ake rabawa daga asusun tarayya. Jihohi 26.72, tarayya 52.68.

Mene ne asusun haɗaka?

Haba jama'a, shekara nawa ana maganar nan. Asusu ne da sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya tanada, kuɗin ƙaramar hukuma su faɗa can tukuna, gwamna ya yanka abin da ya ga dama sannan a miƙa wa ciyaman ragowar.

To yanzu ciyaman ya fita daga hannun gwamna ke nan?

Ina fa! Wa ke shirya zaɓen? Hukumar zaɓen jiha, wadda gwamna ke naɗawa. A Kano, Oktoban 2024, NNPP ta kwashe duka ƙananan hukumomi 44, haka ma jihohin APC da na PDP, mai mulki ke lashewa. Wanda ya ba ka kujera idan ya ce kawo ai ba ka musu.

Ni malamin firamare ne, albashina zai koma hannun ciyaman?

Malam kwantar da hankalinka tukuna, amma ba zan ce maka babu abin tsoro ba. Tsarin da aka saba, ana cire albashinku ne tun daga sama kafin a raba kuɗin, hukumar ilimin firamare ta jiha, wato SUBEB, ta biya ta hannun ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, shi ya sa ko ciyaman ya so ko bai so ba ake biya. Ƙungiyar malamai ta NUT ta daɗe tana ɗari-ɗari da 'yancin nan saboda tsofaffin malamai ba su manta shekarun 1990 ba, lokacin da albashi ya koma hannun ƙananan hukumomi aka riƙa yin watanni babu ko sisi, wasu suka bar alli suka kama acaɓa da noma. Hukuncin kansa maganar kuɗi da zaɓe ya yi, bai tsara wa zai biya malami ba, don haka abin ya danganta da dokar jiharku. Anambra ma sai ta yi tata dokar a 2024 da ta sa ƙananan hukumomi su riƙa zuba wani kaso a asusun da jiha ke kula da shi, to ka ga. Sannan akwai ƙaramar hukumar da malamanta sun yi yawa har kasonta da ƙyar ya ishi albashi, wata kuma da rara, a haɗaka ana rufa wa juna asiri, idan aka raba kowa tasa ta fisshe shi. Ni dai shawarata ka adana takardar ɗaukarka aiki da ta ƙarin girma, ka riƙa leƙa ofishin ƙungiyarku, ka daina dogara da abin da ake turowa a WhatsApp.

Me zai hana INEC ta karɓi zaɓen?

Sai an gyara tsarin mulki, majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince. A zamanin Buhari ƙudirin 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi a hannunsu ya mutu, kun kuma san wa ke juya su.