Kariya daga komawar ruwa da ambaliya a na'urar cike tankin kifin ado

Na'urar cike tanki wani tsari ne da ke mayar wa tankin kifin ado ruwan da ya ƙafe ba tare da mai shi ya ɗauki bokiti ba. Ta ƙunshi mazubin ruwan ajiya, da ƙaramin famfo, da tiyo, da ma'aunin da ke kunna famfon idan ruwa ya yi ƙasa, ya kuma kashe shi idan ya kai iyaka. An fi buƙatarta a tankin ruwan gishiri, domin ruwa ne kaɗai ke tashi ya bi iska, gishirin kuwa yana nan, saboda haka da ruwan daɗi tatacce ake cikewa don gishirin ya tsaya a ma'aunin ruwan teku, wato kusan giram 35 a kowace lita. A Kumasi da Accra ƙafewar tana ƙaruwa da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da busasshiyar iska ke saukowa daga arewa.

Babbar matsalar tsarin ita ce zuƙo. Duk wanda ya taɓa ganin direba yana zuƙo fetur da tiyo daga tankin mota zuwa galan ya san cewa da zarar tiyo ya cika, ruwa zai ci gaba da gangarowa daga sama zuwa ƙasa ko babu mai tura shi. Idan an ɗora mazubin ajiya a wuri mai tudu, saman ruwansa ya fi bakin tiyo tsayi, famfo zai mutu amma ruwa ba zai tsaya ba, sai mazubin ya ƙare ko tankin ya tumbatsa. Idan kuma mazubin yana ƙasa, bakin tiyo ya nutse cikin tanki, ruwan gishiri ne zai koma cikin mazubin, ma'auni ya ga ruwa ya ragu ya sake kunna famfo, a yi ta kai da kawo har famfon ya gaji.

Maganin duka biyun ba ya cin ko sisi: a ajiye mazubin a ƙasa, a ɗaure bakin tiyo da kyau sama da ruwan tanki kuma sama da ruwan mazubin, ta yadda ruwa zai faɗo ta cikin iska. Inda wuri bai ba da damar haka ba, ana huda ƙaramin rami a jikin tiyo, a cikin mazubin amma sama da ruwa, don iska ta shiga ta katse zuƙon da zarar famfo ya tsaya. Famfo mai matse tiyo da 'yan ƙafafu masu juyawa shi ma yana toshe hanya idan ya tsaya. Bawul mai hanya ɗaya yana hana komawar ruwa, amma ba ya hana gangarowa gaba, kuma ƙwayar yashi guda ta isa ta bar shi a buɗe, don haka bai kamata a dogara da shi kaɗai ba.

Ambaliya tana kuma zuwa ta maƙalewar ma'auni. Katantanwa na iya hawa kan makunni mai iyo, wato ma'aunin da ke yawo a saman ruwa, ta danne shi, gansakuka ko busasshen gishiri su daskarar da shi a ƙasa, famfo ya yi ta aiki. Shi ya sa ake sa ma'auni na biyu sama da na farko, tare da agogon da ke yanke wuta idan famfo ya daɗe yana aiki. Na'urar Osmolator ta kamfanin Tunze na Jamus ta haɗa ma'auni mai aiki da haske da makunni mai iyo don wannan dalili. Wanke ma'auni da binega lokaci zuwa lokaci yana narkar da abin da ya daskare a jikinsa.

Girman mazubi shi ne kariya ta ƙarshe, kuma a nan aka fi sakaci. Mai tankin lita 200 a Nima ko Aboabo zai so ya jona galan ɗin Kufuor, wato babbar jarkar roba ta ɗiban ruwa, cike don ya huta kwana da kwanaki, amma idan lita 20 ta zube gaba ɗaya, gishirin zai sauka daga 35 zuwa ƙasa da 32 cikin ɗan lokaci, abin da ke girgiza murjani mai rai da ake kiwo a tankin ƙwarai. Ya fi dacewa a zuba ruwan kwana uku ko huɗu kawai, wanda tankin zai iya ɗauka duka ba tare da ya zubo ba.

Ɗaukewar wuta, wadda a Gana ake kira dumsor, tana gwada tsarin gaba ɗaya. Idan babban famfon da ke zagaya da ruwan tankin ya tsaya, ruwan bututu yana gangarowa cikin tankin tacewa na ƙasa, wanda dole a bar masa sarari. Kafin a bar na'urar ita kaɗai, a zare soket da gangan, a tsaya a ga inda ruwa zai tsaya, sannan a mayar da wuta a duba ko famfon cikewa ya tashi ba bisa ƙa'ida ba.