Gaisuwar direbobi a kan hanya

Gaisuwar direbobi al'ada ce da mai tuƙi kan ɗaga wa wani hannu, ko ya ƙifta masa fitila, ko ya taɓa ham, don kawai motarsu iri ɗaya ce, ko da ba su taɓa sanin juna ba.

Asali

An fi jingina ta ga masu Jeep na Amurka. Kamfanin Willys ya fara ƙera wa sojojin ƙasar wannan mota a 1941, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sannan ya fitar da ta farar hula, CJ-2A, a 1945. Wasu na cewa sojoji ne suka fara gaisuwar a fagen daga. Wasu kuwa suna ganin tsofaffin sojojin da suka sayi motar bayan yaƙi ne ke gane juna da ita, akwai kuma masu kawo farkonta wajen shekarun 1970. Direba yakan ɗaga yatsu biyu ne ba tare da ya saki sitiyari ba. Masu Jeep ƙirar Wrangler suka fi riƙo da ita.

Masu manyan babura kan miƙa hannun hagu ƙasa, tun da na dama yana kan totur. A Ingila, inda ake bin hagun titi, kai suke gyaɗa wa juna.

A Kebbi da Zamfara

Nan gaisuwar ta fi bin sana'a da tasha a kan ƙirar mota. Fijo 504 da 505, waɗanda aka riƙa haɗawa a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975, a da sun yi yawan da mai irinsu ba zai tsaya gaida kowace ba. Waɗanda ke gaisawa su ne 'yan haya da masu manyan motoci: mai tirela da ya ɗauko albasar Aliero zuwa kudu ta Jega da Yawuri kan yi wa ɗan'uwansa ham, yaran mota su ɗaga hannu. Haka 'yan Golf da ke zirga-zirga tsakanin Gusau da Talata Mafara.

Sau da yawa gaisuwar kan zo da saƙo. Ƙifta fitila da nuni da hannu na iya nufin akwai shingen jami'ai a gaba, ko haɗari, ko hanya ba lafiya, abin da direban Zamfara ba ya wasa da shi.

Saɓani

Wasu na ganin sanar da shingen jami'ai taimaka wa mai laifi ne, direbobi kuwa na ɗaukarsa zumunci.