Jeri da fayil ɗin rubutu: me ake nufi da su a wajen koyon kodin?

Duk wanda ya fara koyon kodin, wato rubuta manhajar kwamfuta, a nan Kumasi, ko a ɗakin kwamfuta na sakandare ne, ko a jami'ar KNUST, ko da wayarsa a cikin ɗaki a Aboabo, makonnin farko ba sa ba shi wahala. Zai sa kwamfuta ta rubuta sunansa, ta haɗa biyu da uku, ta duba maki ta ce an ci ko an faɗi. Inda tafiya take fara tsauri shi ne ranar da aka zo kan abubuwa biyu. Na farko a littafi ana rubuta shi array, a aji kuma za ka ji ana cewa arai. A nan jeri za mu kira shi. Na biyu shi ne fayil ɗin rubutu, wanda sunansa yake ƙarewa da .txt. Malamai da yawa suna koyar da su a babi daban-daban, kamar ba abin da ya haɗa su. A ganina kuskure ne, domin ba a gane amfanin ɗaya sai an ga gazawar ɗayan.

A ce mai susu na kasuwar Asawase, wato mai karɓar zubin kuɗi kullum yana ajiye wa mutane, ya ce ka rubuta masa manhajar da za ta riƙe masa lissafin zubi. Da ɗan abin da ka koya a farko, kowace lamba sai ka ba ta sunanta: zubin rana ta ɗaya, zubin rana ta biyu, har zuwa ta 31. Na mutum guda ke nan. In yana da masu zubi 200, sunaye 6,200 za ka rubuta da hannunka, kuma in za ka haɗa jimla sai ka kira su ɗaya bayan ɗaya. Ba mai yin haka.

Dubi katin da mai susun yake riƙewa. Suna ɗaya ne a sama, ƙarƙashinsa gidaje a jere, girmansu ɗaya, kowane gida da lambarsa. Ba ya ba kowane gida suna. Cewa yake katin wance, gida na goma. To jeri ke nan: suna ɗaya, gurabe da yawa a jere, ana kai wa ga kowane gurbi ta lambarsa. A harshen Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991 kuma da shi masu farawa da yawa suke koyo yanzu, haka ake rubuta zubin kwana biyar:

zubi = [20, 20, 0, 50, 20]

Sidi ashirin, ashirin, ranar da ba ta fito kasuwa ba sifiri, hamsin, ashirin. In ka rubuta sum(zubi) za ka sami 110, len(zubi) kuma zai ce maka gurabe 5 ne. Ko gurabe dubu ne, umarnin bai ƙaru da harafi ko ɗaya ba.

Yanzu ka nemi zubin da ya fi yawa, na rana ta huɗu. Hankali zai ce ka rubuta zubi[4]. Kwamfuta za ta ba ka 20, ba 50 ba. Hamsin ɗin yana zubi[3], domin gurbin farko lambarsa 0. Wannan shi ne abin da ya fi ɗaure wa masu koyo kai, kuma sau da yawa amsar da ake ba su ita ce haka kwamfuta take, ka haddace kawai. Alhali akwai dalili, kuma ba mai wuya ba ne.

Lambar da ke cikin baka ba tana nufin na nawa ba, tana nufin nisa daga farko. A harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1970, in ka rubuta int zubi[31] kwamfuta za ta ware maka wuri guda a manne cikin ƙwaƙwalwarta. A yawancin na'urorin yau kowace lamba irin wannan tana cin bayit 4 (bayit shi ne ma'aunin wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta), wato bayit 124 gaba ɗaya. Abin da take riƙewa shi ne adireshin farkon wurin kaɗai. A ce farkon yana adireshi na 1000. Gurbin farko yana nan a 1000 ɗin, ba a matsa ko taku ɗaya ba, shi ya sa lambarsa sifiri. Wanda ke bi masa yana 1004. Zubi[3] kuwa, uku sau huɗu a ɗora a kan dubu, 1012. Ninkawa ɗaya da tarawa ɗaya sun kai ta wurin. Ba ta bin gurabe tana ƙirgawa, don haka ɗauko na miliyan bai fi ɗauko na biyu cin lokaci ba. Saurin jeri duk daga nan yake. Ba kowane harshe ne ya bi wannan tsari ba: Fortran da MATLAB da Lua daga 1 suke farawa. Amma C da Java da JavaScript da Python duk daga sifiri ne, kuma su ɗalibi zai fi cin karo da su.

Tunda an fara da sifiri, jeri mai gurabe biyar yana ƙarewa a 4. In ka nemi zubi[5], Python zai tsayar da manhajar ya ce IndexError. Yara suna jin haushin wannan saƙo, ni kuwa ina ganin gata ne. C ba ya tsayar da kai. Zai lissafa adireshin, ya leƙa abin da ke bayan jerinka, ya ɗauko maka ko ma mene ne, ko ya bar ka ka rubuta a kai. Irin wannan ɓaraka tana cikin hanyoyin da tsutsar Morris, wata muguwar manhaja mai yaɗa kanta, ta bi ta shiga dubban kwamfutoci a intanet a 1988, kuma har yau masu kutse suna farautar irinta.

Abin da Python yake kira list ya fi jerin C sassauci. Kana iya ƙara masa gurbi da append duk lokacin da ka ga dama, kana iya cakuɗa suna da lamba a ciki. Ga mai farawa bambancin bai isa ya hana shi barci ba.

To ga inda jeri ya gaza. Duk abin da ke cikinsa yana zaune ne a RAM, ƙwaƙwalwar da ba ta riƙe komai sai da wuta. Ka wuni kana shigar da zubin mutum 200, aka yi dumso, wato aka ɗauke wuta, ko kai da kanka ka rufe manhajar: babu ko ɗaya. Gobe in ka buɗe, jerin fanko ne. Ba lalacewa manhajar ta yi ba, aikinta ke nan. Jeri wurin aiki ne, ba wurin ajiya ba.

Ajiya aikin fayil ne, domin shi a kan faifai yake zaune, a kashe na'ura a kunna yana nan. Fayil ɗin rubutu kuwa shi ne mafi sauƙinsu: haruffa zalla, layi bayan layi, ba launi, ba girman harafi, ba hoto. Ka buɗe shi da Notepad ka karanta da idonka. Takardar da aka rubuta da Word ba ta cikin wannan sahu ko da kalmomi kaɗai ke cikinta, don .docx ƙunshi ne na fayiloli da yawa da aka matse wuri guda. In ka sa manhajarka ta karanta shi kamar fayil ɗin .txt, shirme za ta gani ko ta tsaya cak.

Ga yadda ake juye jeri cikin fayil:

with open("zubi.txt", "w", encoding="utf-8") as f:
    for z in zubi:
        f.write(str(z) + "\n")

Ka lura da wannan "w" ɗin da kyau. Haruffa uku ne mai farawa zai riƙe: r na karantawa, a na ƙarawa a ƙarshe, w na rubutawa. Sai dai w ba ya tambaya. Da zarar an buɗe fayil da shi, duk abin da ke ciki ya goge, tun kafin a rubuta sabon abu. Akwai hirar da kusan duk mai koyar da wannan darasi ya taɓa yi:

"Malam, lissafin jiya duk ya ɓace, na yau kaɗai ya rage."

"Da wane harafi ka buɗe fayil ɗin?"

"Da w, Malam."

"To kai ka share shi da hannunka. Mayar da shi harafin a."

Kuma abin da w ya share ba ya zuwa kwandon shara na Windows balle a dawo da shi.

Tarko na biyu yana wajen karantawa. Fayil ɗin rubutu bai san lamba ba. 20 da ka ajiye, a wurinsa harafin 2 ne da harafin 0, sai alamar sabon layi wadda ido ba ya gani, ita ce ake rubutawa \n. In ka karanto "20" da "50" ka haɗa su da alamar tarawa, Python zai manna su ya ba ka "2050", ba 70 ba, kuma ba zai yi ƙorafi ba, don a wurinsa rubutu biyu ka ce ya haɗa. Wannan ya fi IndexError haɗari, tunda manhajar tana tafiya lafiya lau, lissafin ne ƙarya. Dole ka mayar da kowane layi lamba da int kafin ka sa shi a jeri:

zubi = []
with open("zubi.txt", encoding="utf-8") as f:
    for layi in f:
        zubi.append(int(layi))

Layuka huɗu ke nan, kuma su ne gadar da ke tsakanin abubuwan biyu: a ɗebo daga fayil a zuba a jeri, a yi aiki, a mayar. In akwai layin da ba komai a cikinsa, kamar wanda aka bari a ƙarshe bayan an danna Enter sau biyu, int zai ƙi shi da ValueError. In kuma aka ce FileNotFoundError alhali kana ganin fayil ɗin da idonka, galibi ɗayan biyu ne: ko manhajar a wata folda take nema, ko Windows ya ɓoye ƙarshen suna har ka sa masa zubi.txt.txt ba ka sani ba.

Mai susu dai ba mutum ɗaya yake karɓa wa ba. Sai a ba kowane mai zubi layinsa, a raba bayanai da waƙafi:

Mai ƙosai,20,20,0,50,20

Umarnin split(",") zai yanka layin a kan kowane waƙafi ya ba ka jeri, gurbi na 0 suna, sauran kuɗi. Wannan tsari shi ake kira CSV, Excel ma yana buɗe shi.

Wannan ƙ ta "ƙosai" ita ta kawo mu ga abin da littattafan da aka rubuta a Amurka da Ingila ba su cika damuwa da shi ba, mu kuwa ya shafe mu kai tsaye. Kwamfuta lamba take ajiyewa a madadin kowane harafi. Tsohon tsarin ASCII na 1963 gurabe 128 gare shi, ba ƙ, ba ɗ, ba ɓ, ba ɛ da ɔ na maƙwabtanmu masu Twi, ba alamar sidi ₵. Unicode ne ya ba su lambobi, UTF-8 kuma, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, shi ne hanyar rubuta lambobin a fayil. A cikinsa harafin k bayit ɗaya ne, ƙ bayit biyu, ₵ uku. In ka cire encoding="utf-8" daga layin buɗe fayil, a kwamfutocin Windows da yawa Python zai koma wa tsohon tsarin Turai ta Yamma. Wajen rubutawa zai tsaya a kan ƙ ya ce UnicodeEncodeError. Wajen karanta fayil ɗin da aka ajiye da UTF-8 kuwa, zai ɗauki bayit biyun nan a matsayin haruffa biyu, sai ka ga "ƙosai" ya fito "Æ™osai". Ɗalibin da bai san dalili ba sai ya koma rubuta k da d da b marasa lanƙwasa don ya huta, ƙasa da kasa su zama abu ɗaya a bayanansa. Shi ya sa in za ka gwada manhajarka ta farko, kada ka cika fayil ɗin da sunayen da ke cikin littafin Turanci. Sa layi mai ƙ ko ɗ, sa alamar sidi, bar layi ɗaya fanko a ƙarshe, ka rufe manhajar ka sake buɗewa sau biyu, sannan ka duba ko jimlar tana nan 110.