Wuta, Ranar Shari'a da Ceto: Tambayoyin Gindin Tsamiya

A ƙauyenmu da ke ƙasar Sumaila, in an tashi sujada ranar Lahadi, 'yan ajin baftisma kan koma gindin tsamiyar bayan majami'a. Na daɗe ina koyar da ajin, kuma tambayar lahira ba ta taɓa ƙarewa. Maƙwabtanmu Musulmi ma sukan tare ni da ita a rumfar mai shayi. Ga yadda nake amsawa.

Wai Kirista ma sun yarda akwai wuta?

Ƙwarai kuwa. Kalmar Jahannama ma da muke faɗi asalinta ɗaya da Gehenna, wadda ta fito sau 12 a Sabon Alkawari, 11 daga bakin Yesu da kansa. Sunan wani kwari ne a gefen Urushalima, Kwarin Hinnom, inda sarakuna irin su Ahaz da Manassa suka ƙona 'ya'yansu hadaya, har Sarki Yosiya ya zo ya ƙazantar da wurin don a daina. Duk Bayahuden da ya ji sunan, tsigar jikinsa sai ta tashi.

Yesu ya kwatanta ta da wutar da ba ta mutuwa, ya kuma ce matsanancin duhu ce, wurin kuka da cizon haƙora. Wanda ya taɓa kwanan gona ya san inda wuta ke ci duhu ba ya zama. Shi ya sa malamai da dama ke cewa kwatanci ne na abin da ya fi ƙarfin baki. Gundarin azabar, kamar yadda 2 Tasalonikawa 1:9 ta nuna, rabuwa ce da fuskar Ubangiji.

Da mutum ya cika, nan take ake wucewa da shi?

Akwai jira. A Luka 16, mai arziki ya mutu ya tsinci kansa cikin azaba, Li'azaru matalauci yana wurin Ibrahim, da rami mai zurfi a tsakaninsu. Hukunci na ƙarshe kuwa sai bayan tashin matattu. 'Yan Katolika suna koyar da cewa akwai tsarkakewa ga wanda ya mutu cikin alherin Allah amma da sauran datti, don haka suke wa matattu addu'a, musamman ranar 2 ga Nuwamba. Mu a ikkilisiyar ECWA, da 'yan Baptis, ba mu riƙe wannan ba. Zaman makokinmu na ta'azantar da masu rai ne.

Wa zai yi shari'ar, kuma yaushe?

Yesu Almasihu ne alƙalin. Ranar kuwa, Markus 13:32 ta ce ko mala'iku ba su san ta ba, saboda haka duk mai wa'azin da ya sa maka rana, kama gabanka.

Matiyu 25 ba ya wa mutanenmu wuyar ganewa. Da magariba yaro ya koro dabbobi daga kiwo a cakuɗe, a ƙofar gida ya ware tumaki gefe, awaki gefe. Haka za a yi, tumaki dama, awaki hagu. Abin da za a duba kuwa: mai yunwa, ka ciyar da shi? Baƙo, ka saukar? Marar lafiya da ɗan kurkuku, ka leƙa su? Yesu zai ce duk abin da aka yi wa waɗannan, shi aka yi wa. Abin da ya fi ba ni tsoro a wurin shi ne, na dama da na hagu duka mamaki suka yi, kowa na cewa, yaushe muka gan ka?

To ashe aikin kirki ne ke ceton mutum?

Nan ne ajin ke rikicewa kowace shekara. Afisawa 2:8-9 ta ce ta wurin alheri aka cece mu, ta hanyar bangaskiya, baiwar Allah ce, ba ladan aiki ba, don kada kowa ya yi fahariya. Koyarwar Kirista ita ce, zunubi bashi ne da ba mai iya biya, Yesu ya biya shi da mutuwarsa a kan gicciye, tashinsa a rana ta uku kuma ita ce shaidar an karɓa. A kan yadda mutum ke samun wannan gafara ne wani malamin Kirista, Martin Luther, ya ja da shugabannin ikkilisiya a Jamus a 1517, gardamar da ta raba Furotesta da Katolika.

Nakan karanta musu Matiyu 20. Mai gona ya ɗauki 'yan ƙodago, wasu da sassafe, wasu saura awa ɗaya a tashi, da yamma ya ba kowa dinari guda. Wani saurayi da ke kwana da fartanya a hannu ya taɓa tsalle ya ce, "Malam, wannan ai cuta ce!" Na ce masa a lissafin ƙodago ya yi gaskiya, amma wanda ya zo da yamman ma akwai bakunan da ke jiransa a gida, mai gona kuwa bai rage wa kowa ko anini ba. Ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu bai sami zarafin yin komai ba, amma Yesu ya ce masa a ranar zai kasance a Firdausi.

Sai dai kada malalaci ya samu wurin fakewa. Wasiƙar Yakubu ta ce bangaskiya ba tare da aiki ba matacciya ce. Zangarniya ba ita ke raya dawa ba, saiwa ce. Amma karan da kaka ta same shi ba kai, sai danni ko makamashi.

Azabar ba ta da ƙarshe ne?

Abin da yawancin ikkilisiyoyi suka riƙe ke nan, don Matiyu 25:46 ta sa kalma ɗaya, madawwami, ga hukuncin mugaye da kuma rai na masu adalci. Tsiraru suna ganin ƙarshen mugu hallaka ce ɗungum, suna kafa hujja da "mutuwa ta biyu" a Wahayi 20. Wani sanannen mai wa'azi, John Stott na Ingila, ya karkata can a 1988, ya kuwa sha suka.

Kakanninmu fa, da suka mutu ba su ji bishara ba?

Wata dattijuwa ce ta yi mini wannan, bayan kowa ya watse. Ubanta Bamaguje ne, yana yanka jan zakara a gindin kuka kafin shuka, ya rasu tun mai bishara bai taka ƙauyensu ba. Ta ce a shekarar yunwa ya buɗe rumbunsa ga unguwa guda. "Ɗan nan, yana wuta ke nan?"

Na ce, "Inna, zauna tukuna." Na faɗa mata Ayyukan Manzanni 4:12 ta ce ba wani suna da aka bayar don ceto sai na Yesu, kuma wannan ya sa masu bishara suka ratsa dazuzzuka har suka iso mu. Na kuma karanta mata Romawa 2, inda Manzo Bulus ya ce waɗanda ba su da Shari'ar Musa, an rubuta ta a zukatansu, lamirinsu na yi musu shaida, da Luka 12:48, cewa bawan da bai sani ba dukansa kaɗan ne. Katolika sun bayyana a 1964 cewa wanda bai ji ba, ba da laifinsa ba, ya kuma nemi Allah da zuciya ɗaya, yana iya samun ceto. Da yawa a cikin namu malaman sun fi tsanantawa. Ni dai na gaya mata littafin rai, mai ɗauke da sunayen waɗanda aka ceta, ba a hannun fasto yake ba, balle nawa, kuma Ibrahim da kansa ya ce mai shari'ar dukan duniya ba zai yi rashin gaskiya ba.

Ta yi shiru tana murza bakin zanenta. Can ta ce, "Shi ya san da maganar rumbun?"

Na ce, "Ya sani, Inna."

Ta dafa sandarta ta miƙe, ta ce bari ta je, awakinta ba su sha ruwa ba.