Rubutun Braille

Braille tsarin rubutu ne na ɗigo-ɗigo masu tudu a kan takarda mai kauri, wanda ake karantawa da kan yatsa. Hausawa sun fi kiransa rubutun makafi. Kowane harafi yana cikin gida mai gurbin ɗigo 6, uku a hagu uku a dama, kuma alamomi 63 ake iya fitarwa daga gurbin nan. Yana cikin tsofaffin kayan tallafin karatu da ɗalibai makafi da malamansu ke dogaro da su har yau.

Tarihi

Wajen 1785 Valentin Haüy ya kafa makarantar yara makafi a birnin Paris na Faransa. Littattafan makarantar da haruffan boko manya-manya aka buga su, masu tudu, don yaro ya shafa ya gane. Littattafan suna da nauyi, karatun ba ya sauri, kuma ɗalibi ba shi da hanyar rubuta abin da zai karanta da kansa daga baya.

An haifi Louis Braille a 1809 a ƙauyen Coupvray, gabas da Paris. Mahaifinsa baduku ne mai ɗinkin sirdi da sauran kayan doki. Yana ɗan shekara 3 ya tsokane idonsa da wani ƙarfen aiki, galibi ana cewa basilla ce, ciwon ya kama ɗaya idon, ya makance. A 1819 aka kai shi makarantar ta Paris. A can ne, ana jin wajen 1821, ya ci karo da tsarin rubutu mai ɗigo 12 na wani Bafaranshe, Charles Barbier. An daɗe ana cewa Barbier ya ƙirƙiro shi ne don sojoji su karanta saƙo da dare. Wasu masu bincike sun musanta haka.

Aibin tsarin Barbier shi ne gidansa ya fi ƙarfin kan yatsa, sai an kai hannu sama da ƙasa kafin a gane alama ɗaya. Braille ya rage ɗigon zuwa 6, yadda taɓawa ɗaya za ta wadatar. Ya kammala wannan aiki wajen 1824 yana ɗan shekara 15, ya buga shi a 1829, ya sake fitar da gyararre a 1837. Ɗalibai sun karɓe shi hannu bibbiyu, amma hukumar makarantar ta yi ta jan ƙafa, har akwai lokacin da aka hana amfani da shi. Ba a amince da shi a hukumance ba sai 1854, shekara biyu bayan tarin fuka ya kashe Braille. Wani taro a Paris ya zaɓe shi a 1878 ya zama rubutun makafi na ƙasa da ƙasa. A Amurka kuwa an sha gardama tsakanin tsare-tsare daban-daban, sai 1932 aka daidaita da na Ingila.

Kayan aiki

Mafi arha shi ne allo mai ramuka da tsinken ƙarfe. Ɗalibi yana huda takarda ta baya, daga dama zuwa hagu, kowane harafi a juye, sannan ya kifa takardar ya karanta daga hagu. Na'urar Perkins, wadda David Abraham ya ƙera aka fara sayarwa a 1951, ta kawar da wannan wahala: maɓallan ɗigo 6 ne, ɗaya ga kowane ɗigo, ana danna waɗanda harafi ke buƙata tare. Lissafi yana da nasa tsarin, kamar wanda Abraham Nemeth ya fitar a 1952.

Malamin da bai iya Braille ba yakan buga darasi a kwamfuta, manhaja ta juya shi, wani inji ya fitar da ɗigon a takarda. Akwai kuma manhajojin da ke karanta rubutun allon kwamfuta da murya, irin su JAWS da NVDA, wadda kyauta ce tun fitowarta a 2006. Ko sauraro zai iya maye gurbin karatu da yatsa, malamai ba su zama baki ɗaya ba.

A Najeriya

Mishan ɗin Sudan United Mission (SUM) ne suka buɗe makarantar makafi ta Gindiri, a jihar Filato ta yanzu, a 1953; ta Pacelli a Legas ta biyo baya a 1962. Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Oyo tana horar da malaman masu buƙata ta musamman. Haruffan Hausa masu lanƙwasa suna da alamominsu. Braille na Larabci, wanda da shi ake buga Alƙur'ani don makafi, daga hagu ake karanta shi.